Zambo a Jikin Tangaran: Yadda Magina Tukwane Suka Tsoma Baki a Siyasa

A gidan adana kayan tarihi na garin Brighton, a gaɓar tekun kudancin Ingila, akwai wani fo na tangaran da aka ƙera wajajen shekarar 1805. Daga waje ba shi da wani abin kallo, fo ne irin wanda Turawan wancan zamani ke turawa ƙarƙashin gado saboda fitsarin dare. Sai ka leƙa ciki. A tsakiyar gindinsa an dasa ɗan ƙaramin mutum-mutumin Napoleon, kai da kafaɗu, an kuma rubuta kalma guda ta Latin mai nufin "ya halaka". A waɗannan shekaru sarkin na Faransa ya jibge dakaru a Boulogne yana shirin ƙetare ruwa ya ci Ingila da yaƙi, tsoro kuma ya cika gidaje. Maginin wannan fo ya ba duk wanda ya saya damar wulaƙanta mutumin da Turai ke rawar jiki a gabansa, kowane dare, ba tare da ya fita daga ɗaki ba.

Fon ya nuna abin da yumɓu ke iyawa wanda takarda ba ta iyawa. Zanen barkwanci a jarida kallonsa ake yi a wuce, gobe a naɗe kifi da shi. A tukunya kuwa, aikin da ake yi da ita shi ne rabin zambon. Da an saka kan Napoleon a jikin tulun furanni, da ya zama ado. Wurin da aka saka shi ne ya mai da shi zagi. Shi ya sa dabarar ta ƙi mutuwa: a yaƙin basasar Amurka mutanen jihohin kudu sun yi wa Janar Benjamin Butler na rundunar arewa irinta bayan ya mamaye birnin New Orleans a 1862, magina a Ingila kuma sun sake yi wa Hitler a Yaƙin Duniya na Biyu.

Abu na biyu shi ne daɗewa. Zambon da mawaƙi ya yi wa wani a bakin fada yana iya fin wannan zafi, amma yana rayuwa ne muddin akwai mai tuna shi. Yumɓu idan ya sha wuta ya daina zama ƙasa, ruwa ba ya narkar da shi, gara ba ta cinsa, rubutun da ke jikinsa kuma ba ya gogewa. Ko an fasa, tsingaron na nan. Mutanen birnin Atina na ƙasar Girka, kusan shekara 2,500 da suka wuce, a kan tsingaro suke karce sunan ɗan siyasar da suke son a kora daga gari na shekara 10. An tono dubbansu. A wata rijiya da ke gefen dutsen Akropolis an samu guda 190 masu ɗauke da sunan mutum ɗaya, Themistocles, kuma masana suka gano hannun mutum 14 kacal ne ya rubuta su duka. Wato wasu sun zauna sun tanadi ƙuri'un tun kafin ranar. Ba don tsingaro ba ya ruɓewa ba, da babu wanda zai san an yi haka.

To amma me ya sa Ingila ta ƙarni na 18 da na 19 ta zama cibiyar wannan al'ada? Amsar tana cikin wata fasaha da aka ƙware a kanta a shekarun 1750. Ana sassaƙa hoto a kan farantin tagulla, a shafa masa tawada mai jure wuta, a danna siririyar takarda ta kwashe hoton, sannan a manna takardar a jikin kofi ko tulu a goga. Idan aka cire takardar aka shafa ruwan ƙyalli aka gasa, hoton ya zauna har abada. Kafin nan sai mai zane ya bi kowane kofi da hannu. Yanzu faranti guda na tagulla zai buga ɗaruruwa, farashi ya faɗi, lebura ma ya iya saye. Garuruwan magina na yankin Staffordshire, waɗanda suka haɗu suka zama Stoke-on-Trent, suka koma tamkar maɗaba'a.

Amfanin haka ya fito fili a 1819. Ranar 16 ga Agusta, kimanin mutum 60,000 suka taru a wani fili a Manchester don sauraron Henry Hunt, mai neman a gyara tsarin zaɓen majalisa, domin a lokacin birni mai girman Manchester ba shi da wakilin kansa. Hukumomin gari suka sako mahayan dawakai da takubba cikin taron. Aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Shi ne abin da ake kira kisan Peterloo. Maimakon ta hukunta waɗanda suka yi ɓarnar, gwamnati ta yi sabbin dokoki shida kafin ƙarshen shekara, ta taƙaita taron jama'a, ta ɗora haraji a kan ƙananan jaridu masu araha, aka ɗaure masu buga takardu, shi kansa Hunt aka kai shi kurkuku. Amma tuluna da kofuna masu hoton dawakai na tattake mata da yara sun ci gaba da fitowa. Akasarinsu ba su da tambarin wanda ya yi su. Jarida tana da sunan mai ita da adireshinsa. Tulun da ke kan kanta a ɗakin masaƙi kuwa, wa za a kama? Yaron gidan kuma da wannan hoton zai tashi, yana ganinsa safe da yamma.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk maginan nan 'yan gwagwarmaya ne. Yawancinsu 'yan kasuwa ne, abin da zai sayu suke yi. Akwai butar shayi da ta shahara, mai ɗauke da rubutun ƙin amincewa da harajin kan sarki da Birtaniya ta ƙaƙaba wa mazauna Amurka a 1765, harajin da aka soke a 1766. A Ingila aka ƙera ta, aka yi jigilarta zuwa Amurka. Bayan yaƙin 1812, magina a Ingila sun yi ta buga tuluna masu murnar nasarar jiragen yaƙin Amurka a kan na ƙasarsu, saboda can ne masu saye suke. Wannan bai rage darajar kayan a matsayin shaida ba, sai dai ya sauya abin da suke shaida a kai. Ba zuciyar magini suke nuna mana ba, suna nuna mana abin da jama'a suka yarda su fitar da kuɗinsu su ajiye a gida. Ɗan kasuwa ba ya zuba jari a ra'ayin da ba shi da mabiya.

Wanda ya yi don ra'ayinsa da gaske shi ne Josiah Wedgwood, babban mai masana'antar tangaran na zamaninsa. A 1787, shekarar da aka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a Landan, masana'antarsa ta fitar da wata 'yar ƙaramar lamba: baƙin mutum a durƙushe, sarƙa a hannu da ƙafa, ya ɗaga hannuwa, kewaye da tambayar ko shi ba mutum ba ne kuma ɗan'uwa. Wedgwood ya yi ta da kuɗinsa ya rarraba, har ya aika wa fitaccen ɗan siyasa Benjamin Franklin wasu a Amurka a 1788. Mata suka riƙa saka ta a warwaro da abin ɗaure gashi, maza suka manna a jikin batta. Daga baya aka samu kwanukan sukari masu rubutun cewa sukarin da ke ciki ba bayi ne suka noma shi ba, wanda ya kai maganar har kan teburin shayi, inda uwar gida ke da ta cewa ko da ba ta da ƙuri'a. Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, ta kuma yi dokar soke bautar a 1833.

Ba na raina wannan lamba, ta yi aiki. Amma duk ɗan Afirka da ya dube ta da kyau zai ji wani abu ya tsaya masa a maƙoshi. Mutumin a durƙushe yake, roƙo yake yi, yana jiran wani ya amsa masa cewa shi mutum ne. A 1791, shekara 4 kacal bayan fitowarta, bayi suka tashi tsaye da makami a yankin da ya zama ƙasar Haiti. Irin wannan hoto bai samu shiga ɗakunan shan shayi na Landan ba. Wanda ya samu karɓuwa shi ne wanda ya bar Bature a matsayin mai ceto.

Shi ya sa, a wajena, mafi nauyi a duk wannan tarihi wani bawa ne mai suna Dave, wanda bayan samun 'yanci ya zama David Drake. An haife shi wajajen 1800, ya yi rayuwarsa a yankin Edgefield na jihar Carolina ta Kudu, inda ake da yumɓu mai kyau da masana'antun tukwane da suka dogara da ƙarfin bayi. Randuna yake yi na adana nama mai gishiri da kitse, abincin da ake raba wa bayi a gonakin auduga. Wasu suna cin galan 40. Randa mai wannan girma ba a gama ta a zama ɗaya: sai a murza gindin a kan faifan juyi, sannan a riƙa ɗora murɗaɗɗen yumɓu ana shafewa har ta kai baki, a yi mata kunnuwa masu kauri, a shafa mata ruwan ƙyalli da aka haɗa da tokar itace, wanda ke fitowa daga wuta yana tsiyaya, kore-kore da ruwan ƙasa. Kafin yumɓun ya bushe, Dave kan ɗauki tsinke ya rubuta a kafaɗar randar kwanan wata, da baƙaƙen sunan ubangidansa, da sunansa. Wani lokaci ya ƙara baiti mai layi biyu.

Sai an san dokar wurin za a gane girman abin. Tun 1740 Carolina ta Kudu ta hana koya wa bawa rubutu. A 1834 ta tsananta dokar ta haɗa da karatu, bawan da aka kama yana koyar da ɗan'uwansa kuma zai iya shan bulala har 50. A wannan shekara ta 1834 ne aka samu rubutun Dave na farko mai kwanan wata. Baitocinsa ba zagi ba ne. Wasu na yabon girman randar, wasu na tsoron Allah, wani ya faɗi kai tsaye cewa Dave mallakin Mista Miles ne. Daga 1840 baitocin suka ɗauke har tsawon shekara 17. Da suka dawo, a kan wata randa mai kwanan wata 16 ga Agusta 1857, tambaya ya yi: ina duk dangina suke? Masu bincike na danganta wannan da sayar da mutanen gidansa da aka yi zuwa nesa. Ka ƙaddara randar nan a ɗakin ajiya na wata gona, bayi na ɗibar nama daga cikinta kullum, mafi yawansu ba su iya karanta abin da ke kafaɗarta ba, amma sun san hannun ɗayansu ne ya rubuta. Doka ta ce shi dukiya ne, shi kuma ya sa hannu a aikinsa kamar kowane gwani, a kan abin da ubangidan ba zai iya gogewa ba sai dai ya fasa hajarsa. Bai ga ko sisi daga randunan ba. A 2021 an sayar da ɗaya a gwanjo a kan sama da dala miliyan 1.5, sai a 2025 ne gidan kayan fasaha na birnin Boston ya mayar wa zuriyarsa mallakar guda biyu da ke hannunsa.

A Fotugal al'amarin ya bi wata hanya, domin can mai zanen barkwanci ne ya koma magini. Rafael Bordalo Pinheiro ya ƙirƙiro Zé Povinho a jarida a 1875: talaka mai gemu da hula, wanda gwamnati bayan gwamnati ke ɗora wa haraji yana haƙuri. A 1884 ya shiga harkar masana'antar tangaran a garin Caldas da Rainha, ya mai da wannan talaka mutum-mutumi mai naɗe hannu yana yi wa mahukunta alamar zagi. Har yau ana ganinsa a kan kantar ƙananan gidajen abinci, sau da yawa yana gargaɗin masu neman cin bashi. A 1890, lokacin da Birtaniya ta ba Fotugal wa'adin janye sojojinta daga ƙasashen da ke tsakanin Angola da Mozambik, Bordalo ya ƙera fo da kaskon tofa yawu a siffar John Bull, ƙaton Baturen da ke wakiltar Ingila a zane-zane. Mutanen Lisbon sun ji daɗi. Amma ƙasar da ake rigima a kanta ita ce Zambiya da Zimbabuwe da Malawi na yau, kuma babu wanda ya tambayi masu ita. Kukan ƙaramin ɗan mulkin mallaka ne da babba ya ƙwace masa rabo. Zambo na iya yin daɗi ya kuma kasance a kan ƙarya.

Su ma masu mulki sun gane amfanin faranti. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, 'yan Bolshebik, 'yan kwaminis da suka karɓi mulki, sun tarar da tarin fararen farantai a masana'antar tangaran ta sarki a Petrograd, da tambarin sarakuna a bayansu. Aka rufe tambarin da fenti, aka zana lauje da guduma da taken cewa wanda bai yi aiki ba kada ya ci. Farantan sun yi tsadar da ma'aikacin da aka yi dominsa bai iya saye ba, da yawa aka fitar da su waje don neman kuɗin ƙetare.

A ƙarni na 20 tangaran mai siyasa ya bar kicin ya koma zauren baje koli, ya samu suna, ya rasa kusanci da jama'a. Duk da haka yakan ciza. Bayan an harbe magajin garin San Francisco George Moscone da ɗan majalisar birni Harvey Milk a 1978, hukuma ta ba Robert Arneson aikin mutum-mutumin marigayin don sabuwar cibiyar taro mai sunansa. Arneson ya yi kan yana murmushi, amma a jikin ginshiƙin da ke ƙasa ya sa alamun harsashi da jan fenti kamar jini, da ishara ga uzurin da lauyoyin makashin suka kawo har ya samu hukunci mai sauƙi. A bikin buɗewa na 1981 sai da aka lulluɓe ginshiƙin, daga baya birnin ya ƙi karɓar aikin. Suna son a tuna mutumin, ba sa son a tuna yadda shari'ar ta kaya.

Babu wanda ya kai mai fasaha Ai Weiwei na ƙasar Sin amfani da wannan hanya a zamaninmu, kuma a ƙasar da tangaran ke matsayin abin alfaharin ƙasa. Mahaifinsa, mawaƙi Ai Qing, gwamnati ta kore shi zuwa ƙauye mai nisa a ƙarshen shekarun 1950, yaron ya tashi a gudun hijira a Xinjiang, ya kuma ga yadda aka farfasa kayan tarihi da sunan kawar da tsofaffin al'adu daga 1966. A 1995 ya sa aka ɗauke shi hoto sau uku: yana riƙe da tulun daular Han mai kimanin shekara 2,000, ya sake shi, ga shi a tarwatse a ƙasa, shi kuma ko ƙiftawa bai yi ba. Waɗanda suka yi masa ca sun ce ɓarna ce. Tambayar da hoton ke yi ita ce: ina wannan fushi yake lokacin da hukuma ta yi irin haka dubu-dubai, kuma take ci gaba da rushe tsofaffin unguwanni?

A Oktoba 2010 ya shimfiɗa 'ya'yan furen rana na tangaran guda miliyan 100, masu nauyin tan 150, a babban zauren gidan Tate Modern na Landan. Mutum 1,600 ne suka yi su a Jingdezhen, garin da ya yi wa sarakunan Sin tangaran ɗaruruwan shekaru, kowane ƙwaya an ja mata layukanta da hannu. Duk Basinen da ya rayu a zamanin shugaba Mao ya gane: a hotunan farfaganda Mao ne rana, jama'a kuma furanni masu juya fuska gare shi. Daga nesa toka-toka ce shimfiɗe ba bambanci, in ka ɗauki ɗaya a tafin hannu ka ga ba ta da ta biyu. A wannan shekara, da hukumomin Shanghai suka yanke rushe sabon ɗakin aikinsa, ya gayyaci jama'a walimar ƙaguwar kogi, saboda sunanta a Sinanci ya yi daidai a kunne da taken "zaman jituwa" da gwamnati ke fakewa da shi tana goge rubuce-rubuce a intanet. Aka yi masa ɗaurin talala, mutane suka je suka ci ba shi, ya kuma sa aka ƙera ƙaguwar da tangaran sama da 3,000. A Afrilu 2011 aka kama shi a filin jirgin Beijing, ya yi kwana 81 a tsare.

Ba tukwane kaɗai suka jawo masa wannan ba. Abin da ya fi ƙona wa hukuma rai shi ne tattara sunayen ɗalibai sama da 5,000 da makarantu marasa inganci suka rufta a kansu a girgizar ƙasar Sichuan ta 2008, aikin da ya sa 'yan sanda suka doke shi a ka a Chengdu har aka yi masa tiyata a Jamus. Wannan ne ya ba tangaran ɗinsa nauyi: mutumin ya saka jikinsa a inda ya saka bakinsa, kuma ya biya.

Amma kasuwa ta riske shi kamar yadda ta riski waɗanda suka gabace shi. A Fabrairu 2014, a wani gidan baje koli a Miami, wani mai zane mazaunin birnin, Maximo Caminero, ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin tulunan da Ai Weiwei ya tsoma a fenti, a gaban waɗancan hotuna uku na fasa tulu, ya sake shi ya tarwatse. Ya ce yana nuna fushinsa ne da yadda gidan ke fifita baƙi a kan masu fasahar gari. Ai Weiwei bai goyi bayansa ba, ya ce tulun da shi ya fasa nasa ne, wannan kuwa kayan wani ne. Kotu ta sa Caminero biyan dala 10,000 da yi wa al'umma aiki. Ina ganin Ai Weiwei yana da gaskiya ta fuskar doka, kuma ba na goyon bayan fasa aikin kowa. Sai dai amsar tasa ta rage wa hotunan 1995 ƙarfi, domin abin da suka tayar tun farko shi ne ko mallaka da iko sun isa su ba mutum damar hallaka abin da ya girme shi da shekara 2,000. Gwamnatin da ya yi wa hotunan ita ma abin da za ta ce ke nan, cewa unguwannin da take rushewa nata ne.